Sikeli, Tocila da Sanyin Baki: Yadda Gwani Ke Cin Kasuwar Gwanjon eBay

Kaya na farko da aka sayar a shafin da daga baya ya zama eBay lalatacce ne. A shekarar 1995, Pierre Omidyar, wani mai rubuta manhajar kwamfuta a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya buɗe ɗan shafin gwanjo mai suna AuctionWeb, ya saka wata 'yar fitilar nuni irin wadda malamai ke haska allo da ita, alhali ta daina aiki. Aka yi ta tayawa har ta kai dala 14 da senti 83. Abin ya ɗaure masa kai, sai ya rubuta wa wanda ya saya yana tambayarsa ko ya san fitilar ba ta kamawa. Mutumin ya ce ai shi irin waɗannan matattun yake tarawa. Ciniki ya faɗa, ba wanda ya yi kuka da wani, domin an faɗi aibin kaya tun kafin a rabu.

Yau shafin ya zama kasuwa mai masu saye sama da miliyan 130. Wanda ya hango ta daga nesa zai ɗauka aikin ba wuya: ka ɗauki hoto, ka rubuta farashi, ka miƙe ƙafa kana jiran kuɗi. Masu wannan tunani ba sa daɗewa. La'adar shafin takan cinye ribarsu ba su ankara ba, ko kuwa mai saye guda ɗaya mai taurin kai ya kore su da ɓacin rai. Waɗanda suka zauna daram shekara da shekaru suna da wani ilimi da ba a ganinsa a allo, kuma shi ne ya sa nake girmama su. Mu ɗauki ɗaya daga cikinsu, mai sayar da tsofaffin idanun kyamara a Amurka, wato gilasan nan da ake ɗaurawa a gaban kyamara a kuma cire su, mu bi hannunsa tun daga teburi har gidan waya.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai ƙaramin sikeli mai nuna nauyi har zuwa oza ɗaya, da tef na awo, da tocila siririya mai kaifin haske, da farin allon takarda da yake shimfiɗawa a bayan kaya lokacin hoto, da 'yar na'urar buga takardar adireshi, da kwalaye masu girma dabam-dabam, da salatif mai faɗi, da ledar nan mai ƙurajen iska. Sai littafin lissafi. A cikinsu duka, tocila ce ke fara aiki.

Yakan cire murfin gaba da na baya, ya buɗe ƙofar hasken gilashin har iyakarta, ya kashe fitilar ɗaki. Sai ya haska tocila ta baya, shi kuma ya leƙo ta gaba, ba kai tsaye ba, a karkace, yana ɗan juya gilashin a hankali. Abin da ido bai gani a hasken rana ba, yanzu zai fito fili. 'Yan ƙwayoyin ƙura ba sa tayar masa da hankali, kusan kowane tsohon gilashi yana da su, kuma da wuya su bayyana a hoto. Abin da yake farauta biyu ne. Na farko hazo, wani siririn dishi-dishi da ke kwanciya a cikin gilashin idan man da aka shafa wa ƙarafunansa ya yi tururi, wanda ke sa hoto ya fito a dushe. Na biyu fumfuna, wadda ke tsirowa idan an ajiye gilashi a wuri mai danshi, tana yin farin zare-zare mai rassa daga gefe zuwa tsakiya, in ta daɗe har ta cinye rufin da aka yi wa fuskar gilashin. Ya gama da wannan sai ya koma kan 'yan faifan ƙarfen da ke buɗe ƙofar haske su rufe ta. Ya taɓa ɗan maratayin da ke motsa su ya saki. In sun koma tsaf nan take, lafiya lau. In sun yi nawa, ko ya ga ƙyallin mai a jikinsu, ya rubuta. Daga nan ya murɗa zoben saita gani daga wannan ƙarshe zuwa wancan, idonsa a rufe, domin yatsu sun fi ido jin inda ya cije ko inda yashi ya shiga. A ƙarshe ya ɗaura gilashin a kyamara ya ɗauki hoton bangon bulo ko shafin jarida, ya duba ko kusurwoyi huɗu sun fito daidai da juna.

Malalaci yakan goge gilashin da gefen rigarsa ya rubuta cewa sabo ne fil. Gwani kuwa aibin yake fara ɗauka a hoto. Shafin ya ba shi damar saka hotuna har 24 kyauta, kuma ba ya jin ƙyashin cika su. Ɗan ƙarzanen da ke gefen zobe, sai ya ajiye bakin fensir kusa da shi don mai kallo ya san girmansa. Hazon da ya gani, sai ya ɗauke shi da tocilar a kunne. Akwai kuma hoto guda da ba ya taɓa tsallakewa, na lambar da kamfani ya zana a jikin gilashin, wadda babu wani gilashi a duniya mai irinta. Za mu ga amfaninta nan gaba.

Kan talla haruffa 80 ne kacal aka ba shi, saboda haka ba ya ɓata ko ɗaya wajen kirari. Sunan kamfani, tsawon gani, faɗin ƙofar haske, irin kyamarar da yake shiga, shi ke nan, domin da waɗannan kalmomi mai nema zai nema. A bayanin ƙasa yakan yi gajerun jimloli: akwai ƙura kaɗan, akwai hazo mara yawa a gilashin baya, duba hoto na tara, babu fumfuna, zobe na juyawa sumul. In abin ba ya aiki, sai ya sa shi a rukunin kayan gyara ko na cire sassa, ya faɗa ƙarara. Duk jimlar da ya rubuta a nan, shaida ce da zai tsaya a kanta ranar da rigima ta taso.

Wajen farashi ba ya kallon abin da wasu ke nema, domin kowa na iya neman abin da ya ga dama. Yakan tace bincikensa ya koma kan kayan da aka riga aka sayar a cikin kwana 90 da suka wuce, ya ga nawa aka biya da gaske. Sannan ya yanke shawara: gwanjo ko tsayayyen farashi? Duk da cewa da gwanjo aka san shafin, yawancin cinikin yanzu da tsayayyen farashi ake yi. Gwani yakan ajiye gwanjo don abin da ba a cika samu ba, wanda ya san mutum biyu ko uku za su yi rububinsa. Ana iya sa shi ya yi kwana 1, 3, 5, 7 ko 10. Mai taya kaya yakan rubuta iyakar abin da zai iya biya a ɓoye, na'ura kuma ta riƙa ƙara masa tayi kaɗan-kaɗan duk sa'ad da wani ya wuce shi. Ƙwararrun masu saye ba sa motsi sai saura 'yan daƙiƙoƙi, saboda haka mai kaya ya kwana shida yana kallon farashi a ƙasa ba ya razana. Abin da yake lura da shi shi ne lokacin rufewa. Tsakanin New York da Kalifoniya akwai tazarar awa uku, don haka yakan zaɓi sa'ar da mutanen gabas ba su kwanta ba, na yamma kuma sun dawo gida. Kuma ba ya sa ɗan'uwa ko aboki ya taya masa kaya don ɗaga farashi. Shafin ya haramta, yana kuma rufe asusun wanda aka kama.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke faɗuwa, wato la'ada. A karar shanu, dillali yakan faɗi la'adarsa a gaban kowa, a ƙirga masa a hannu. A nan kuwa ba ka ganin fitar kuɗin. Da, ta hannun PayPal ake biya, kamfanin da eBay ya saya a 2002 suka kuma rabu a 2015. Zuwa 2021, eBay ya karɓe harkar biyan kuɗi gaba ɗaya: shi ke karɓa daga mai saye, ya zare nasa, ya tura ragowar asusun bankin mai kaya. Wanda ba ya buɗe takardar lissafi sai dai ya ga kuɗi sun shigo, ya yi murna.

Ga yadda abin yake a Amurka. Mai ƙaramin ciniki yana da tallace-tallace 250 kyauta a wata, bayan su kowane ɗaya senti 35. Babbar la'adar ita ce wadda ake cirewa bayan an sayar, kuma a yawancin rukunan kaya ta ɗan haura kashi 13 cikin 100, da ƙarin senti 30 ko 40 a kan kowane ciniki. Sirrin yana nan: ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake lissafa ta ba. Ana lissafa ta a kan duk abin da mai saye ya biya, har da kuɗin aikawa, har da harajin saye. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2018 a shari'ar jihar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair, jihohi suka samu damar karɓar haraji a kan cinikin intanet, kuma shafin ke karɓa ya miƙa musu. Wannan haraji ko sisinsa ba ya shiga aljihun mai kaya, amma yana biyan la'ada a kansa.

Mu buga misali. Ya sayi gilashi dala 90 a wajen gwanjon kayan gida, ya sayar dala 200. Malalaci ya ce ribarsa 110. Gwani kuwa sai ya ɗauki biro. Mai saye ya biya dala 15 na aikawa, jiharsa kuma ta ɗora harajin kashi 8, jimilla ta kama dala 232 da 'yan senti. La'ada a kan wannan kusan dala 32 ce. In ya yarda shafin ya tura tallarsa gaba a kan kashi 5, wasu dala 11 da rabi sun tafi. Dala 15 ta aikawa gidan waya za ta tafi, kwali da leda da salatif kuma a ce dala 3. Abin da ya rage masa bayan cire uwar kuɗi bai wuce dala 64 ba. In mai sayen yana wata ƙasa, akwai ƙarin kashi 1.65. Wannan lissafi gwani ba bayan ciniki yake yinsa ba. Yana yinsa ne a tsaye a gaban mai tsohon gilashin, kafin ya ciro dala 90 daga aljihu, kuma sau da yawa lissafin kan sa ya ajiye kayan ya wuce. Haka yake auna ko ya dace ya riƙa biyan kuɗin shago na wata-wata, wanda ke rage la'ada a wasu rukunai: ya duba cinikinsa na wata, in ragin bai kai kuɗin shagon ba, ya haƙura. Dokokin kuma sukan canza daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya, tun watan Oktoba na 2024 aka ɗauke la'ada daga kan masu sayar da kayansu na gida, daga baya aka ɗora wa masu saye wani kuɗin kariya. Shi ya sa duk sanarwar da shafin ya fitar, gwani sai ya karanta ta har ƙasa.

Sikeli ma kuɗi yake tsarewa. A gidan wayar Amurka, ƙunshin da ya wuce laba ɗaya ana cika nauyinsa zuwa laba ta gaba, wato laba biyu da oza ɗaya kuɗin laba uku za a biya. Babban kwali mara nauyi kuma ana iya cajinsa da girmansa. Saboda haka tun kafin ya saka talla yake naɗe kayan, ya auna nauyi, ya auna tsawo da faɗi da tsayi, don kada ya yi alkawarin kuɗin aikawa da ka.

Naɗin kansa abin kallo ne. Murfi biyu a rufe, a sa gilashin a leda saboda danshi, a naɗe shi da ledar iska ninki uku, a ajiye shi a tsakiyar kwali yadda zai samu kamar inci biyu na cushe ta kowane gefe. Kafin ya manne, sai ya ɗaga kwalin kusa da kunnensa ya girgiza. In ya ji motsi, ya buɗe ya ƙara cushe. Salatif kuwa layi uku ne a sama, uku a ƙasa: ɗaya ya bi tsagar tsakiya, biyu su rufe gefuna. Ya liƙa takardar adireshi, ya ɗora kwalin a sikeli, ya ɗauki hoton da ya nuna adireshi da nauyi tare. A gidan waya ba ya jefa ƙunshi a akwati ya juya. Yakan bi layi, a karanta lambar bin sawun a gabansa, a ba shi rasit. In cinikin ya kai dala 750, dole ya nemi a sa hannu wajen karɓa, in ba haka ba kariyar da shafin ke ba shi ta faɗi.

Duk wannan shiri saboda mutane ne, kuma yawancinsu mutanen kirki ne da ke biya su karɓa su yi shiru. 'Yan kaɗan ne ke zuwa da wahala, sai dai gwani ya san ƙasar da yake tsaye a kai ba ta karkata gare shi ba. Tun 1996 shafin ke da tsarin da masu ciniki ke rubuta wa juna shaida, mai kyau ko mara kyau. A 2008 aka hana masu sayarwa rubuta wa mai saye mummunar shaida, domin wasu suna yin ta don ramuwa. Ga kuma lamunin mayar da kuɗi: mai saye yana da kwana 30 bayan ranar da kaya suka iso ko ya kamata su iso ya ce bai ga komai ba, ko ya ce abin da ya gani ba shi aka kwatanta ba. Ko mai kaya ya rubuta da manyan haruffa cewa ba ya karɓar kaya in an mayar, wannan ba ya tsare shi idan ƙorafin na saɓanin kwatance ne, kuma shi zai biya kuɗin dawowa. An ba shi kwanakin aiki uku ya amsa. In ya yi fushi ya ƙi, shafin zai shiga tsakani, ya mayar wa mai saye kuɗinsa, wani lokaci ma ba tare da kayan sun dawo ba, sannan ya ɗiga wa mai kaya baƙin tabo. Sabon shiga yakan ɓata kwanakin nan uku yana rubuta dogayen wasiƙun kare kai. Gwani ya san dokar tun kafin ya fara, bai kuma ɓata ƙarfinsa wajen jayayya da ita.

Mafi sauƙi a cikin masu wahala shi ne wanda ya ci gwanjo ya ɓace. Ana jiransa kwana huɗu, sannan a soke cinikin da dalilin rashin biya, la'ada ta dawo, a miƙa wa wanda ya zo na biyu tayin saye a kan farashin da ya taya. Tun farko ma gwani ya riga ya saita asusunsa ya tare duk wanda aka sha kamawa da rashin biya, yana kuma da jerin sunayen da ya toshe, wanda ke ɗaukar har 5,000. Ba ya zagin kowa. Suna kawai yake ƙarawa.

Sai mai cewa a fita daga shafin a ƙarasa ciniki ta waya don a kauce wa la'ada, ko mai turo saƙon imel na bogi mai cewa an biya. Amsar ɗaya ce: abin da bai bayyana a cikin asusun shafin ba, bai faru ba. Haka in mai saye ya biya sannan ya ce a canza adireshi, gwani sai ya soke ya ce a sake saye da sabon adireshin, domin kariyarsa tana kan adireshin da ke jikin takardar ciniki kawai. A nan akwai wani abu da ya shafe mu. Masu saye da yawa daga ƙasashen waje, har da Najeriya da Gana, sukan yi amfani da adireshin kamfanonin tura kaya a jihohi irin su Delaware da Oregon, inda babu harajin saye. Mai kaya mara sani da ya ga baƙon suna da adireshin sito sai ya tsorata ya soke ciniki, ya zalunci mutumin da ya biya kuɗinsa na halal. Wanda ya san aikinsa kuwa ya san cewa da zarar lambar bin sawu ta nuna kaya sun isa wannan adireshi, ya sauke nauyinsa. Sai ya aika hankalinsa kwance.

Wanda ya fi gwada haƙuri shi ne mai neman ragi bayan ciniki. Kaya sun isa, sai saƙo ya shigo da zafi: gilashin nan cike yake da hazo, an yaudare ni, a mayar mini da dala 60 ko in rubuta shaidar da za ta kashe maka kasuwa. Gwani ba ya amsawa a cikin minti ɗaya, ba ya kuma bari a kwana. Yakan buɗe hotunansa ya sake duba na tara, ya karanta abin da ya rubuta, sannan ya amsa da abin da bai wuce layi huɗu ba. Ya ce ya yi baƙin cikin jin cewa gilashin bai gamsar ba. Ya ce hazon yana cikin bayani da hoto na tara, amma in an ga wani abu dabam, a taimaka a turo hoto. Ya ce in ba a so, a dawo da shi, ga takardar aikawa ya biya, kuɗi kuma za su koma cif da zarar ya iso. Dubi abin da babu a cikin amsar. Babu zargi, babu kalmar ƙarya, babu maganar dala 60. Mai ƙorafin gaskiya zai dawo da kaya ya karɓi kuɗinsa. Wanda kuwa yake son gilashin, ragi kawai yake farauta, galibi daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa. Barazanar da ya yi kuma tana nan a rubuce cikin saƙonnin shafin, kuma dokar shafin ta haramta neman wani abu da barazanar mummunar shaida, don haka in ya rubuta ta ana iya neman a goge. Wannan ne dalilin da ya sa gwani ba ya yarda a koma magana ta waya ko ta wani wuri. Duk jimlar da yake rubutawa, ya san watakila wani ma'aikacin shafin da bai san su ba zai karanta ta wata rana, cikin gaggawa, kuma wanda maganarsa ta fi tsabta shi ke da rinjaye.

Akwai mai musanya, wanda zai dawo da nasa tsohon gilashin da ya lalace ya riƙe mai kyau. A nan hoton lambar jikin kaya ke tashi tsaye. Gwani yakan auna ƙunshin da ya dawo kafin ya buɗe, ya gwada da nauyin da ya aika, ya buɗe a gaban kyamara, ya karanta lamba. In ta saɓa, ya kai rahoto da hotuna biyu gefe da gefe. Ba kullum yake cin nasara ba, amma wanda bai ɗauki hoton ba ko bakin magana ba shi da shi. Akwai mai cewa kaya ba su iso ba alhali lamba ta nuna an kai. Gwani ba ya ce masa maƙaryaci, domin ana satar ƙunshi a bakin ƙofa, masu rabon wasiƙu ma sukan yi kuskuren gida. Sai ya roƙe shi ya tambayi maƙwabta, shi kuma ya tuntuɓi gidan wayar unguwar, inda za a iya duba wurin da na'urar mai rabo ta karanta lambar. Akwai kuma wanda zai tsallake shafin ya je bankinsa ya ce a janye kuɗin katinsa, wani lokaci bayan watanni. Shi ya sa rasit da hotuna ba a zubar da su don an ga ciniki ya wuce.

Abin da ya fi burge ni a wurin gwani, duk da haka, shi ne ba ya ɗaukar kowane mai ƙorafi a matsayin macuci. Wani lokaci mai sayen ne ke da gaskiya. Tocila ta tsallake wani zaren fumfuna a can gefe, ko zoben ya cije a sanyin wata jiha alhali a ɗakinsa sumul yake. In hoton da aka turo ya nuna haka, ba ya neman mafaka a bayan kalmomi. Ya ce laifinsa ne, ya ba mutum zaɓi tsakanin dawo da kaya da karɓar ragin da ya dace da kuɗin gyara, ya cika a ranar. Wanda ya sha cuta sau biyu ko uku yakan fara kallon kowa da ido ɗaya, kuma daga ranar kasuwarsa ta fara mutuwa, domin masu gaskiya sun fi yawa kuma suna jin ƙanshin zargi a cikin saƙo.

Sanyin bakin nan yana da lissafi a ƙarƙashinsa. Ranar 20 ga kowane wata shafin yakan auna kowane mai sayarwa. Wanda cinikinsa masu tabo suka wuce kashi 2 cikin 100 yakan faɗa ƙasa da mizani, a ƙara masa la'ada a kan duk abin da zai sayar, a kuma danne tallarsa a bincike. Wanda tabonsa bai wuce rabin kashi ɗaya ba, yana aikawa a kan lokaci, yakan hau matakin amintattu, kuma in ya yarda da aikawa cikin kwana ɗaya da karɓar kaya kyauta har kwana 30, a rage masa kashi 10 na la'adarsa. Mai karɓar kaya kyauta kuma an ba shi damar zare har rabin kuɗin da zai mayar idan an dawo masa da abu a lalace. Ka ga ke nan buɗe ƙofar dawowa, wadda sabon shiga ke gudu, ita ce ke ba gwani makami. Saboda haka idan rigima ta taso a kan murfin dala 12, ba ya tambayar kansa wa ke da gaskiya kawai. Yakan tambayi nawa tabo ɗaya zai ci masa, nawa kuma awa biyun da zai ɓata suke. Sau da yawa sai ya mayar da kuɗin, ya toshe sunan, ya koma kan tebur. A littafinsa akwai layi na musamman na irin wannan asara, ya riga ya raba ta a kan farashin sauran kaya tun farkon shekara.

In kuma mummunar shaida ta zauna ba a goge ba, yana da damar amsawa a ƙarƙashinta, a bainar jama'a. Ba mai ƙorafin yake yi wa magana ba, wanda zai zo saye gobe yake yi wa. Layi ɗaya ya isa: an bayyana hazon a talla, an ba da damar dawowa kyauta, an mayar da kuɗi cikakke ranar da kaya suka iso.

Gilashin da ya dawo kuwa ba ya mayar da shi kasuwa da tsohuwar talla. Ya yi tafiya sau biyu a bayan mota, ya kwana a hannun wani, saboda haka sai a kashe fitila a sake haska shi daga farko, a murɗa zobe, a taɓa maratayi, a gwada lamba. In mai sayen farko ya gano wani abu na gaskiya, wannan abu shi zai zama jimlar farko a sabon bayani, da sabon hotonsa, farashi kuma ya sauka daidai gwargwado.